Nazarin Lamari: Motar Kwana da Baturanta ke Mutuwa Kafin Asuba

Motar da wannan rubutu ya shafa irin wadda ake kira motar kwana ce, wato doguwar mota da aka ƙera cikinta kamar ƙaramin gida, da gado da wurin girki da banɗaki da tankin ruwa, ta yadda mutum zai iya yada zango a inda babu turken lantarki ya yi kwanaki ba tare da ya nemi masauki ba. Tsawonta ya kai mita 6, masu ita kuwa wani dattijo ne da ya yi ritaya tare da uwargidansa. Sun zo wurina da buƙata guda ɗaya, wadda suka riga suka yanke shawara a kanta tun kafin su iso: in ƙara musu farantan sola biyu a kan biyun da ke bisa rufin, domin a ganinsu ƙarancin faranti ne ya sa wutarsu take ɗaukewa a tsakiyar dare.

Abin da ya sa lamarin ya wuce batun jin daɗi shi ne, dattijon yana kwana da na'urar da ke taimaka masa numfashi yayin barci. A daren farko na kowane zango komai yakan tafi daidai, amma a dare na biyu, wajen ƙarfe 3, inbata, wato na'urar da ke ba soket ɗin motar wuta daga batir, takan fara kuka, firji ya tsaya, na'urar numfashin ta mutu, shi kuma ya farka a shaƙe ya tada injin motar domin ya samu ya kai safiya. Da yake ba ni labari ya nuna sama da yatsa ya ce, "Malam, rana fa ga ta nan kowa yana gani, to ina wutar take tafiya?" Na ce masa, "Ranka ya daɗe, a ba ni kwana uku in auna kafin a sayi ko da waya ɗaya." Bai so hakan ba, amma ya amince.

Abin da aka tarar

Wanda ya yi musu aikin farko ya ɗora farantai biyu masu wat 100 kowanne, ya haɗa su kafaɗa da kafaɗa, wato jar waya da ja, baƙa da baƙa, ya sauko da wayarsu zuwa wata ƙaramar kwantirolar caji irin ta PWM, wato na'urar da ke daidaita wutar da ke shiga batir, daga nan zuwa batura biyu na dalma irin rufaffun da ake kira AGM, masu amfiya-awa 100 kowanne, wato ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa. Akwai kuma inbata mai wat 1,500 da ke mayar da wutar batir ta koma irin ta soket ɗin gida. A takarda baturan suna riƙe da wat-awa 2,400 (wat-awa ɗaya shi ne cin wat ɗaya na tsawon awa guda), amma duk wanda ya saba da batirin dalma ya san rabin wannan adadi ne kawai nasa, domin yawan zuƙe shi fiye da rabi yana gajarta masa rai ƙwarai.

Aikin farko da na yi shi ne ɗaura mitar lissafin caji a kan baƙar wayar batir, wadda take ƙirga duk abin da ya shiga da duk abin da ya fita, sannan na roƙe su su ci gaba da zama a motar yadda suka saba, kada su rage komai don na sa musu ido. Bayan kwana uku lissafin ya fito fili. Firjin yana jan wat 45 idan injinsa yana aiki, kuma yana aiki kusan kashi 40 cikin ɗari na yini, wanda ya kama wat-awa 430. Na'urar numfashi tare da abin da ke ɗumama mata ruwa tana cin kimanin 280 a dare. Fankar rufi da fitilu da famfon ruwa sun haɗu sun ci 200, kwamfuta da wayoyin hannu suka ci 220. Sai abin da babu wanda ya taɓa sanya shi cikin lissafi, wato ita kanta inbatar: ko ba a jona mata komai ba, muddin tana kunne tana shan amfiya ɗaya da rabi, kimanin wat 18, kuma tun da na'urar numfashin ta hanyarta take samun wuta, sun saba barinta a kunne dare da rana. Wat 18 sau awa 24 ya ba da 430 da 'yan kai, daidai da abin da firjin yake ci. Jimillar abin da motar take kashewa a yini ta kai wat-awa 1,560.

Abin da yake shigowa daga rufi kuwa bai wuce 520 ba a rana mai haske. Ke nan kullum ana cin bashin fiye da 1,000, alhali abin da ya halatta a ɗiba daga baturan 1,200 ne tun suna sababbi. Daren farko yana tafiya lafiya ne kawai saboda altanetar motar, wato na'urar da ke samar da caji idan inji yana aiki, ta cika baturan a kan hanya, dare na biyu kuma sai a tarar da tukunya babu komai.

Ga dalilin da ya sa faranti mai lambar wat 200 a haɗe bai ba da abin da ake zato ba, kuma a nan ne na fi daɗewa. Lambar da ake bugawa a bayan faranti ana samunta ne a ɗakin gwaji, inda ake haska shi da hasken da ya kai wat 1,000 a kowane murabba'in mita, ƙwayoyinsa kuma suna kan zafin digiri 25. Irin waɗannan farantai suna ba da cikakken ƙarfinsu ne a wajen bolt 18 da amfiya 5.5. Kwantirolar PWM ba ta da dabarar sarrafa wannan bolt ɗin, tana haɗa faranti da batir ne kai tsaye, sai batirin ya janyo farantin ƙasa zuwa nasa matakin na bolt 13 da rabi ko makamancin haka, amfiya kuma ta tsaya inda take. Amfiya 11 sau 13.5 bai kai wat 150 ba, wato an yi asarar kashi ɗaya cikin huɗu tun kafin a yi maganar ƙura ko inuwa.

Inuwar ce ta fi ba ni mamaki. Na hau rufin da alli a hannu da ƙarfe 9 na safe, da tsakar rana, da kuma ƙarfe 3 na yamma, ina zagaye bakin kowace inuwa da ta faɗo. Eriyar talabijin tana tsaye tazarar taƙi ɗaya daga farantin dama, murfin tagar rufi kuma idan an ɗaga shi don shan iska yakan jefa inuwa mai faɗin tafin hannu a kusurwar farantin hagu har kusan awa uku. Don in nuna wa dattijon abin da wannan 'yar inuwa take yi, na sa shi ya tsaya a ƙasa yana kallon mita, ni kuma na cire hulata na rufe ƙwaya ɗaya tak daga cikin ƙwayoyi 36 na faranti guda. Nan take amfiyar ta faɗo kusan rabi, wato farantin da na taɓa ya daina ba da komai. Ƙwayoyin faranti a jere suke kamar zoben sarƙa, wutar da ta ratsa ɗaya ita za ta ratsa sauran, don haka wadda ta shiga duhu takan toshe hanyar duka. Masu ƙera faranti sukan sa 'yan ƙananan na'urori a akwatin bayansa da ke ba wuta damar tsallake ɓangaren da inuwa ta rufe, amma idan aka tsallake rabin faranti mai bolt 18 sai a bar shi da 9, wanda ba zai iya tura komai cikin batir mai bolt 13 ba. Da an bi shawararsu an ƙara farantai biyu, wurin da ya rage a rufin a lokacin shi ne gindin wannan eriya da gefen wannan taga.

Sai batun waya. An kafa kwantirolar a saman ƙofa don a riƙa ganin fitilunta, baturan kuma suna can baya a wani akwati, tazarar mita 5, an haɗa su da siririyar waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5. Zuwa da dawowa mita 10 ke nan, kuma jan ƙarfe mai wannan kauri da wannan tsawo yana cinye kusan bolt 0.8 idan amfiya 11 tana bi ta cikinsa. Illar ba a asarar wutar kaɗai take ba. Kwantirola tana yanke hukunci ne da abin da take gani a bakinta, don haka idan ta ga 14.4 sai ta ɗauka batir ya kusa cika ta fara rage caji, alhali a kan batirin 13.6 ne. Ko a ranakun da doguwar tafiya ta kai baturan kusa da cika, rana takan faɗi kafin a ƙarasa ragowar. Batirin dalma da ya daɗe bai cika ba yakan tara wani farin gishiri mai tauri a kan faifansa na ciki, wanda ba ya sake narkewa. Na gwada su ta hanyar ja musu amfiya 10 ba tsayawa, abin da lafiyayyun batura masu amfiya-awa 200 za su ɗauka na awa 20, amma waɗannan ba su kai awa 9 ba suka durƙusa. Ban ga laifin baturan ba, yunwa ce ta kashe su.

Abu na ƙarshe da na gani ya fi duka tayar mini da hankali: babbar wayar da ta tashi daga batir zuwa inbata ba ta da fiyus ko ɗaya, kuma ta ratsa ta wani ramin ƙarfe da ba a sa masa roba ba, har gogayya ta fara cin bawonta. Inbata mai wat 1,500 tana iya jan amfiya 140 daga batir mai bolt 12, idan kuwa wannan waya ta taɓa jikin mota, abin da batir zai zubo ya ninka haka sau da yawa, kuma a ƙarƙashin gadon da suke kwana take. Wannan na gyara shi a ranar, ban jira sauran aikin ba.

Shawarar da aka yanke

Na fara ne da rage abin da ake ci, domin kowane wat da aka hana fita ya fi sauƙin samu a kan wanda za a nemo daga rufin da faɗinsa ƙayyadadde ne. An samo wa na'urar numfashin wayarta ta bolt 12 daga kamfanin da ya ƙera ta, ta daina bi ta inbata, dattijon kuma ya tuntuɓi likitansa kafin ya rage ƙarfin abin ɗumama ruwan, sai cinta ya sauko zuwa wajen 150. Kwamfuta ita ma ta samu caja mai aiki da bolt 12. Inbata aka sa mata makunni a kusa da ƙofa, ana kunna ta ne kawai idan akwai dalili. Bayan firjin kuma na tarar babu hanyar da zafi zai fita, na buɗe masa ƙofar iska sama da ƙasa. Da waɗannan kaɗai, ba a taɓa rufi ba tukuna, cin yini ya sauko daga 1,560 zuwa kimanin 1,000.

A kan wannan adadi aka gina sauran lissafin. An cire eriyar tun da sun ce ba su taɓa amfani da ita ba, na yanka kwali daidai girman farantan da nake tunani, na riƙa jera su a rufin ina kauce wa layukan allin da na zana, har aka samu wurin farantai biyu masu wat 200 kowanne, tsawon kowanne kusan mita ɗaya da rabi. Faranti na zamani mai ƙwayar silikon yana mayar da kusan kashi 20 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa zuwa lantarki (wanda masu bincike na kamfanin Bell suka nuna a Amurka a 1954 kashi 6 yake bayarwa), don haka murabba'in mita guda yana ba da wajen wat 200, kuma babu wata dabara da za ta sa rufin mota ya ba da fiye da faɗinsa. Idan aka samu hasken da ya kai na cikakkiyar rana na awa 5, aka cire kashi ɗaya cikin huɗu saboda zafi da ƙura da kwanciyar farantin a shimfiɗe, wat 400 zai kawo wat-awa 1,500, wanda ya ishe su har da rara.

Uwargidan ta so a sa farantai masu lanƙwasa waɗanda ake mannawa kai tsaye a jikin rufi, saboda ba su da nauyi kuma ba sa ƙara wa mota tsayi. Na ba ta shawarar a bar su. Faranti yana rasa kusan kashi 0.35 cikin ɗari na ƙarfinsa a kan kowane digiri da ya haura 25, wanda aka manna a rufi kuwa ba shi da iskar da za ta ratsa ƙarƙashinsa, ga shi yana tura zafinsa cikin ɗakin da firji yake fama. Masu gilashi da firam ɗin alminiyam sun fi nauyi, kowanne ya kai kilo 11, amma sun fi jure shekaru.

Kwantirolar da aka sa irin ta MPPT ce mai ɗaukar bolt 100 da amfiya 30. Bambancinta da ta farko shi ne tana barin faranti ya yi aiki a matakin da ya fi ba da ƙarfi, sannan ta sauke bolt ɗin zuwa na batir ta mayar da rarar ta zama ƙarin amfiya. Wannan ya buɗe tambayar yadda za a haɗa farantan, kuma masu wannan sana'a ba su taɓa yin ittifaƙi a kanta ba. Idan aka haɗa su kafaɗa da kafaɗa za a samu bolt 20 da amfiya 20, kuma inuwar da ta faɗa wa ɗaya ba ta shafi ɗayan ba. Idan aka jera su baki da wutsiya za a samu bolt 40 da amfiya 10, waya ba ta buƙatar kauri sosai, kwantirola kuma tana fara aiki da sassafe ta kai har kusan faɗuwar rana, domin tana buƙatar bolt ɗin faranti ya ɗara na batir da 'yar tazara kafin ta tashi. Na zaɓi jerawa saboda an riga an kawar da inuwar da ke kan rufin kanta, kuma ko an tsallake rabin faranti ɗaya, bolt 30 da ya rage ya isa a ci gaba da caji. Abin da ya wajaba a duba a nan shi ne sanyi, domin bolt ɗin faranti yana hawa ne idan gari ya yi sanyi: biyun a jere suna nuna 48 idan ba a jona musu komai ba, a safiyar da ta kai digiri 10 ƙasa da sifili kuma za su kai wajen 53, wanda har yanzu yana nesa da iyakar 100.

Batun batir ya ɗauki zama biyu. Batirin dalma tsohuwar fasaha ce, tun 1859 Bafaranshen nan Gaston Planté ya ƙirƙiro shi, kuma har gobe yana da amfani, amma ga mutanen da suke zuƙe batir kowane dare kuma ba su da tabbacin cika shi kowace rana, ba shi ne ya dace ba. Aka sa na litiyam irin na LiFePO4 mai amfiya-awa 200 a kan bolt 12.8, wato wat-awa 2,560, wanda za a iya ɗibar kashi 80 cikin ɗari nasa ba tare da fargaba ba, kuma zama a rabin caji ba ya lalata shi. Hakan ya ba su kwana biyu cur ko da rana ba ta fito ba. Nauyinsa bai kai rabin na tsofaffin biyun ba, abin da ya rama nauyin sababbin farantan, kuma nauyi ba ƙaramin abu ba ne ga irin wannan mota, tun da a ƙasashen Turai da dama lasisin tuƙi na yau da kullum ya tsaya ne a kilo 3,500. Sauya batirin ya tilasta cire tsohon makunnin da ke haɗa batirin injin da na ɗaki idan mota tana tafiya, domin batirin litiyam da ya yi ƙasa yana iya jan abin da ya fi ƙarfin altaneta har ta ƙone, musamman idan injin yana aiki a tsaye. A madadinsa aka sa caja mai iyakance abin da ake ja zuwa amfiya 30, wadda tafiyar awa biyu da ita take zuba kimanin wat-awa 800.

Ɗorawar kanta ta ci kwana uku, biyu daga ciki jiran gam ne. An wanke wuraren da ƙafafun farantan za su zauna, aka goge su da takardar yashi sama-sama, aka share da sinadarin cire maiƙo, sannan aka zuba gam mai kaurin milimita 2 zuwa 3, domin idan aka matse shi ya zama siriri ba zai iya miƙewa da motsin rufi ba. Ƙafafun gaba, waɗanda iska take bugu idan mota tana gudu, na ƙara musu sukurori a daidai inda ƙarfen rufin ya ratsa, na kuma ɗaure kowane faranti da siririyar igiyar ƙarfe, saboda farantin da ya ɓalle a kan babbar hanya rayuwar na baya yake yi wa barazana. Ramin shigar waya na fara huda shi ne daga ciki da siririn ƙarfe, a saman kabad ɗin tufafi, bayan na tabbatar babu wata waya a wurin. Kwantirola ta dawo ƙasa da mita ɗaya daga batir da waya mai kaurin murabba'in milimita 10 da fiyus na amfiya 40 a daidai kan batirin, asarar da ke tsakaninsu ta koma bolt 0.1. An jona batir da kwantirola tukuna don ta gane tsarin bolt 12 ne, sannan aka yaye bargon da aka rufe farantan da shi.

Abin da ya biyo baya

Uwargidan ce ta karɓi aikin rubuta abin da mita ta nuna safe da yamma a wani ƙaramin littafi. A mako na farko ta kira ni cikin damuwa cewa farantan ba sa kawo 1,500 da na ce, abin da take gani bai wuce 1,100 ba. Na tambaye ta ƙarfe nawa batir yake kaiwa kashi 100, ta ce wajen ƙarfe ɗaya na rana. Amsar ke nan: idan batir ya cika kwantirola takan rage abin da take karɓa, don haka lambar da ake gani ta abin da aka buƙata ce, ragowar an bar ta a rufi. Mafi yawan abin da mita ta taɓa nunawa da tsakar rana shi ne wat 310 zuwa 320, kuma hakan daidai ne ga farantin da zafinsa ya kai digiri 60 yana kwance a shimfiɗe. Gwaji na gaske ya zo ne a wani zango da aka yi kwana uku ana ruwa, inda abin da ke shigowa ya sauko zuwa 400 ko 450 a yini. A safiya ta huɗu batirin yana kan kashi 30 da 'yan kai, na'urar numfashin ba ta tsaya ko sau ɗaya ba, suka tashi suka yi tafiyar awa biyu ya farfaɗo.

Akwai kuskure guda da ni na yi shi. Na ajiye sabon batirin a akwatin da tsofaffin suke, wanda ƙofarsa ta waje ce kuma ɗumin ɗaki ba ya isa gare shi. Watanni bayan haka suka kwana a wani wuri mai tudu inda sanyi ya sauka ƙasa da sifili, da safe rana ta fito tas amma mita tana nuna babu abin da ke shiga. Dattijon ya kira ni yana zaton kwantirola ta ƙone. Ba abin da ya ƙone: irin wannan batir ba a cajinsa idan sanyinsa ya kai ƙasa da digiri sifili, domin litiyam ɗin yakan taru a matsayin ƙarfe a fuskar faifan ciki ya yi ɓarnar da ba ta gyaruwa, shi ya sa na'urar tsaron da ke cikinsa ta rufe ƙofar caji ta bar ta fitarwa a buɗe. Sai wajen ƙarfe 11, da akwatin ya ɗumama, caji ya dawo da kansa. Na san wannan ƙa'ida sarai, amma ban tambaye su irin wuraren da suke niyyar zuwa ba. Da suka dawo na mayar da batirin ƙarƙashin kujerar cikin ɗaki, aikin da ya sa aka sake jan manyan wayoyi uku, ban kuma karɓi ladansa ba.

Da suka ga wuta ta wadata sai dattijon ya nemi a sa na'urar sanyaya ɗaki a rufi. Na yi masa lissafin a gabansa: irin waɗannan na'urori suna cin fiye da wat 1,000, don haka batirin da ke riƙe su kwana biyu ba zai kai awa biyu da ita ba, ga shi za ta cinye wurin faranti ɗaya ta kuma jefa inuwa a kan ɗayan. Ya haƙura da fanka. Butar dafa ruwa ta lantarki kuwa na amince da ita da sharaɗi, domin tafasa lita ɗaya daga digiri 20 yana cin wat-awa 93 ne, da asarar inbata ya ɗan haura 100, amma a cikin waɗannan 'yan mintoci tana jan fiye da amfiya 100, don haka da rana ake kunna ta, kuma ba a haɗa ta da wani abu mai nauyi.

Abin da bai warware ba har yanzu shi ne lokacin da rana take yin ƙasa a sararin sama kuma yini ya gajarta, inda farantin da ke kwance yake karɓar haske a karkace. Ƙafafu masu ɗagawa za su taimaka, amma suna nufin mutum mai shekarunsa ya riƙa hawa tsani safe da yamma, kuma ranar da aka manta aka tashi da faranti a ɗage, iska ba za ta bar shi ba. Mun tsaya a kan faranti mai naɗewa na wat 120 da za a riƙa shimfiɗawa a ƙasa ana juya shi yana fuskantar rana, da tasa ƙaramar kwantirolar, wanda kuma zai ba su damar ajiye motar a inuwar bishiya lokacin zafi. An riga an ja masa soket a gefen motar, farantin ne ba a saya ba tukuna. A dubawar wata na shida gam ɗin rufin bai tsage ko'ina ba, amma noti ɗaya a kan fiyus ɗin inbata ya saki saboda girgizar hanya har wurin ya fara canza launi don zafi. Na sauya shi da mai zoben ƙarfe da ke hana shi saki, na ɗaure sauran, na ja wa kowanne layin fenti daga kan noti zuwa jikin ƙarfen, don uwargidan ta riƙa ganewa da ido idan wani ya motsa.